Kalmar da ta Ɓace wa Malama

A wata safiyar Talata cikin watan Maris, Malama tana tsaye gaban allo da alli a hannunta, tana bayanin ƙananan kalmomin nan da Bahaushe kan sa a gaban suna idan yana son ya ƙanƙanta shi, wato ɗan da ƴar da ƴan. Ta rubuta "ɗan littafi", ta rubuta "ƴar jaka", sannan ta juyo domin ta faɗi sunan da masana nahawu suka laƙaba musu. Sai sunan ya ƙi zuwa. Ta san da "ts" yake farawa, ta san gaɓa uku ne, har tana jin amonsa a kunnenta kamar muryar mutumin da ke magana a bayan katanga, amma harshenta ya kasa kamo shi. Ajin ya yi tsit. Ɗalibai suka zaci dabara ce irin ta malamai, wato ta yi shiru ne domin a cike mata gurbi. Can wata yarinya daga layin baya ta ce, "Tsigalau, Malama." Ta ce, "Madalla," ta ci gaba da darasi kamar ba abin da ya faru. Amma allin da ke hannunta ya jiƙe da gumi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana koyar da wannan darasi a wata babbar makaranta ta kudancin Nijar, kuma ba a santa da duba takarda a aji ba. Mako biyu ya ishe ta ta riƙe sunayen ɗaliban aji guda. Abokan aikinta ita suke tambaya idan an yi gardama a kan abin da aka yanke a taron bara. A lokacin nan tana da shekara talatin da tara, tana ɗauke da cikin wata shida, ciki na huɗu, bayan tazarar shekara bakwai.

Da abin ya tsaya a kalma ɗaya da ta ɗauke shi tuntuɓen harshe. Sai dai makonnin da suka biyo baya sun zo da ƴan uwansa. Ta zuba gishiri sau biyu a miyar kuka. Ta shiga ɗaki da hanzari, ta tsaya tsakiyarsa tana kallon gado, ba ta san abin da ya kawo ta ba. Ta yi wa wani ɗalibi alkawarin karanta masa babin kundinsa kafin Alhamis, ba ta tuna ba sai da ta gan shi tsaye a ƙofar ofis. Makullin mota kuwa an same shi wata rana cikin kwandon albasa.

Da ta zauna ta jera waɗannan abubuwa, kamar yadda take jera misalai kafin ta fitar da ƙa'ida, sai ta lura da wani abu. Abin da ta sani tun da can yana nan daram. Giredin aikatau bakwai na Parsons tana iya zayyano su cikin barci. Haddarta ta Alƙur'ani ba ta motsa ba, har lambar wayar mahaifinta, wanda ya rasu shekaru da yawa, tana nan a kanta. Abin da ke zubewa shi ne na yanzu-yanzu da na anjima: me zan ɗauko, wa zan kira, ƙarfe nawa aka ce. Hausa ta bambanta waɗannan tun kafin a zo da awo. Wanda ya manta abu, ko ya mance kamar yadda aka fi faɗa a garinsu, yana iya rasa shi gaba ɗaya. Wanda ya sha'afa kuwa abin yana wurinsa, hankalinsa ne ya tafi wani waje a lokacin da ake bukatarsa. Yawancin abin da ke damun Malama sha'afa ne.

Wannan rarrabewa ba ta kwantar mata da hankali ba, saboda akwai abin da ba ta faɗa wa kowa ba. Kakarta ta wajen uwa, wadda suke kira Iya, ta yi shekara shida cikin gigin tsufa kafin rasuwarta. Malama ta ga farkonsa da idonta tana budurwa, kuma da ƙananan abubuwa ya faro: tsohuwa ta ajiye ludayi ta yi ta nema, ta kira jika da sunan uwarta. Daga ƙarshe ta kai ga tambayar ƴarta ta cikinta ko ita baƙuwa ce. Idan dare ya raba, wuta ta ɗauke, zafi ya hana barci, wannan hoton ne ke dawo wa Malama. Mutumin da da ƙwaƙwalwa yake cin abinci, ba abin da ke firgita shi kamar ya ji tana zame masa.

Ta kira mahaifiyarta a ƙauyensu na wajen Tasawa, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta faɗi abin da ke ranta. Tsohuwa ta yi dariya. "Ke ƴar nan, ciki ne. Ni da nake da cikin ƙaninki na tafi rijiya da tulu, na dawo gida da guga na bar tulun can."

"To, Inna, Iya fa?"

"Iya ta haura saba'in. Kada ki ƙara haɗa kanki da wannan. Ki sauka lafiya, ki gani."

Hausawa suna da suna ga yawancin abin da ciki ke kawowa. Akwai laulayi, akwai kwaɗayi, akwai kasala da yawan tofar da yawu, kowanne an san shi, an kuma san yadda ake haƙuri da mai shi. Mantuwar mai ciki kuwa mata sun san ta, suna labarinta a tsakaninsu wajen biki da suna, amma ba ta kai ga samun laƙabi nata na kanta ba. Masu magana da Ingilishi sun yi mata na raha, wanda ma'anarsa "ƙwaƙwalwar ciki". Rahar tana da daɗi a tsakanin mata. A ofis kuwa takan zama makami.

Haka ta zama wa Malama a farkon Afrilu. Ita ce sakatariyar kwamitin jarrabawa na sashensu, aikin da ya ƙunshi tattara makin ɗalibai daga hannun malamai da haɗa lissafi kafin a kafe sakamako. An sa taro ranar Laraba da ƙarfe huɗu, ita ta rubuta sanarwar da hannunta, kuma ita ce ba ta zo ba. Tana gida tana tsinkar zogale. Washegari shugaban sashe ya kira ta, ya tarbe ta da mutunci, ya tambayi jiki. Sannan ya ce, "Malama, a halin da kike ciki bai kamata mu ɗora miki lissafi ba. Kin san mata idan suka kai wannan lokaci, kai ba ya zama ɗaya. Mu ba wani, ke ki huta." Bai faɗa da mugunta ba, wannan ne ma ya sa amsa ta yi wuya. Da ya ce ta gaji, da ta yarda. Amma cewa ya yi ba za a amince da kanta ba, kuma ta san idan aiki ya bar hannun mace a kan wannan dalili, da wuya ya komo bayan ta haihu. Ta roƙi a ba ta mako guda ta yi tunani.

Makon nan ta yi shi tana karatu, kuma abin da ta tarar ya fi maganar shugaban sashe da ta mahaifiyarta sarƙaƙiya.

A shekarar 2010 Helen Christensen da abokan aikinta a Ostireliya suka buga wani bincike mai ƙarfi, domin sun gwada mata fiye da 1,000, wasunsu tun kafin su yi ciki, suka kuma bi su shekaru suna maimaita gwajin. Da suka kwatanta kowace mace da kanta ta da, ba su ga wata tawaya ta a zo a gani ba a wajen riƙe abu ko tunani. A 2018 kuma Sasha Davies da tawagarta a Jami'ar Deakin, a can Ostireliyar, suka tattara bincike 20 da suka ƙunshi masu ciki 709 da marasa ciki 521. Su sun ga bambanci: masu ciki sun ɗan gaza a riƙe abu da tsara aiki, musamman a watanni ukun ƙarshe. Amma sun ƙara da cewa sakamakon masu cikin bai fita daga iyakar abin da ake ɗauka lafiyayye ba. Raguwa ce ƙarama wadda mai ita da na kusa da ita za su lura da ita, ba wadda za ta hana mutum aikinsa ba.

Wanda ya fi yi mata kama da rayuwarta shi ne wani ƙaramin bincike na Peter Rendell da Julie Henry na 2008, a kan tuna abin da mutum ya ƙudurta yi nan gaba. A ɗakin gwaji, inda ba hayaniya ba kuma wani aiki, masu ciki sun yi daidai da sauran mata. Da aka ba su aikin da za su riƙa tunawa su yi a gida, a tsakiyar hidimarsu ta yau da kullum, sai suka fi sauran sha'afa. Malama ta karanta wannan sau biyu. Ke nan idan ta zauna da takardun maki, ta rufe ƙofa, lissafinta lissafi ne. Inda take faɗuwa shi ne tuna cewa yau Laraba ce alhali tukunya na kan wuta, yara sun dawo daga makaranta, baya kuma yana ciwo.

Sai kuma maganar ƙwaƙwalwar ita kanta, wadda ta fara tsorata ta kafin ta fahimce ta. A ƙarshen 2016 Elseline Hoekzema da abokan aikinta suka buga sakamakon aikin da suka yi a Basalona ta ƙasar Sifaniya. Sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mata 25 da na'urar MRI kafin cikinsu na fari, suka sake ɗauka bayan sun haihu. Sai suka ga ɓangaren nan mai launin toka, inda ƙwayoyin jijiya suka taru, ya ragu a wasu wurare. Canjin ya fito fili har kwamfuta tana iya ware wadda ta yi ciki da wadda ba ta yi ba daga hoto kawai, kuma yana nan bayan shekara biyu. Mazan da suka zama iyaye a lokacin, waɗanda su ma aka ɗauki hotonsu, ba a ga wannan canji a wurinsu ba.

Wanda ya tsaya a nan zai ce shugaban sashe ya yi gaskiya. Amma wuraren da suka ragu su ne waɗanda mutum ke amfani da su wajen karanta halin wani, wato gane abin da ke ransa da abin da yake bukata, kuma su ne suka fi motsawa da aka nuna wa matan hoton jariransu. Matan da canjin ya fi yawa a wurinsu su suka fi nuna shaƙuwa da ƴaƴansu. A gwajin riƙe abu kuwa ba a ga sun ragu ba. Masu binciken sun kwatanta abin da irin ragin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar matashi lokacin balaga, inda ake ganin tana rage mahaɗan da ba ta bukata domin waɗanda suka saura su ƙara inganci. Ƴar manomi ba ta bukatar dogon bayani a nan. Ta sha ganin mahaifinta yana bin gurabe bayan shuka ta fito, yana cire tsiron gero ya bar uku ko huɗu, kuma ba wanda ya taɓa cewa gonarsa ta lalace.

Labarin da ya fi burge ta shi ne na Elizabeth Chrastil, malamar jami'a a Kalifoniya ta Amurka, wadda ita kanta binciken ƙwaƙwalwa take yi. Tana da shekara 38 ta ba da kanta aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta sau 26, tun daga mako uku kafin ta ɗauki ciki har zuwa shekara biyu bayan haihuwa. An buga sakamakon a watan Satumba na 2024. Ɓangare mai launin toka ya yi ta raguwa mako bayan mako a yawancin sassan da aka auna, da kimanin kashi 4 cikin 100, yayin da sinadaran estirojin da firojestaron ke hauhawa a jininta. Farin ɓangaren kuwa, wato zaruruwan da ke sada sashe da sashe, ingancinsa ƙaruwa ya yi a tsakiyar cikin, sannan ya koma yadda yake wajen haihuwa. Mace ɗaya ce, ba a yanke hukunci a kan duniya da mutum guda. Duk da haka Malama ta ji daɗin sanin cewa matar da aka auna wa wannan ragi tana cikin marubutan rahoton, kuma ta ci gaba da koyarwarta.

Abin da ya fi canja kwanakinta, duk da haka, a wajen awon ciki ya fito. Ungozomar, wata dattijuwa mai ƙarancin magana, ta ja fatar idonta ta duba, ta kalli tafin hannunta, ta tura ta gwajin jini. Sakamako ya nuna himogulobin ɗinta ya sauka ƙasa da giram 11 a kowace desilita, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa domin gane ƙarancin jini ga mai ciki. Ba baƙon abu ba ne, hukumar ta ƙiyasta kusan kashi 37 cikin 100 na masu ciki a duniya suna fama da shi. Ruwan jini yakan ƙaru sosai lokacin ciki, jariri kuma yana jan sinadarin ƙarfe daga jikin uwa, kuma ƙarancinsa yana kawo kasala, jiri, da wahalar tattara hankali wuri ɗaya.

"Hajiya, kina shan ƙwayoyin ƙarin jinin da na ba ki?"

Malama ta yi shiru, sannan ta ce wasu ranaku. Gaskiyar magana ita ce rabin ƙwayoyin suna nan cikin jaka. Takan sha'afa, ranar da ta tuna kuma takan kora su da shayi mai kauri, alhali shayi yana rage yadda hanji ke tsotsar ƙarfe. Ga mai neman abin dariya, ga shi nan: maganin da zai taimaka wa hankalinta shi ne abin da hankalin ya fi saurin saki. Ungozoma ta gyara mata yadda za ta sha, ta ce ta raba shi da lokacin shayi, ta ƙara hanta da ganye da wake. Ta tambaye ta barci, Malama ta lissafa ta ga ba ta haɗa awa biyar a dare, tsakanin zafin Afrilu da fitsari da motsin ɗa. Ko namiji ƙaƙƙarfa aka hana barci haka tsawon wata guda, zai nemi makullinsa a kwandon albasa.

Kafin ta fita ungozoma ta tsayar da ita, ta ce akwai abin da ba a yi wa dariya. Idan ta ji ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka, ko gani ya dushe, ko fuska da hannuwa suka kumbura, ko ta ruɗe har ba ta san inda take ba, to kada ta jira gari ya waye, domin alamun hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga ke nan. Haka kuma idan baƙin ciki ya zauna mata makonni, ta daina jin daɗin komai, ta zo ta faɗa, domin shi ma yana cin hankali kuma yana da magani.

Sauran gyaran ba su da wani armashi. Ta sayi ƙaramin littafi mai shiga jaka, duk abin da aka ce mata "gobe" ko "anjima" ta rubuta shi nan take, a gaban mai maganar, ba tare da kunya ba. Ta sa ƙararrawar waya ga magani da ga taro. Mijinta ya kafa ƙusa a bayan ƙofa domin makulli, ya kuma karɓi ɗauko yara daga makaranta. Ranar farko shi ma ya makara da rabin awa, ya ce wai aiki ne ya riƙe shi. Ta ce, "Malam, kai kuma wata nawa ne?"

Da mako ya cika ta koma wurin shugaban sashe. Ba ta kai masa takardun bincike ba, ta san ba da su ake cin irin wannan magana ba. Ta amsa laifin taron da ta rasa, ta ce tana son ta ƙarasa aikin zangon kafin ta tafi hutun haihuwa, ta kuma kawo shawara cewa a sa mutum na biyu ya bi lissafin bayan ta gama, ba bana kaɗai ba, kowace shekara, ko wane ne sakatare. Ya ɗan yi jim, ya ce ai wannan ya kamata a ce tun da ana yi. Ta yi aikin cikin safiya huɗu, daga bakwai zuwa goma kafin rana ta yi zafi, ƙofa a rufe, waya a kashe. Mai bin bayanta ya sami kuskure ɗaya, ta rubuta wa wani ɗalibi 12 a maimakon 14. Abin ya yi mata ciwo fiye da yadda ya kamata. Ta kwana tana tambayar kanta ko ciki ne ya jawo, ko kuwa irin kuskuren da ke wucewa kowace shekara ne ba mai gani, tun da ba a taɓa dubawa ba. An gyara makin kafin a kafe.

Ta sauka a farkon Yuli, bayan ruwan shuka, ta sami ƴa mace. Mantuwar ba ta tafi ranar suna ba kamar yadda Inna ta yi alkawari; watannin farko na shayarwa ma sun fi, domin barcin ya ƙara guntulewa. Amma ta lura tana farkawa kafin jaririyar ta buɗe baki, tana kuma bambance kukan yunwa da na zafi daga ɗaki na biyu, alhali mijinta duk kuka ɗaya yake ji. Da ta koma aji a sabuwar shekarar karatu, ƙaramin littafin yana cikin jakarta, na uku ke nan tun Afrilu. Darasin ɗan da ƴar da ƴan ya sake zagayowa a mako na biyar. Ta rubuta misalan a allo, ta juyo, ta tambayi ajin wa zai faɗi sunansu, hannuwa shida suka tashi.